Athletics a Kakar 2026: Gora Ta Yi Ƙarfi, Hannun Jifa Bai Kai Ba

A daren 25 ga Yulin 2025, a birnin Houston na jihar Texas, wani saurayi ɗan shekara 22 mai suna Nick Kurtz ya ɗauki gora sau shida, kuma duk sau shidan ya bugi ƙwallo ya tsira. A huɗu daga ciki ƙwallon katangar fili ta tsallake ta faɗa cikin 'yan kallo. A duk tarihin babbar gasar besbol ta Amurka, ba a taɓa samun ɗan wasan da ya yi irin wannan bugu huɗu a wasa ɗaya a shekararsa ta farko ba sai shi. Ƙungiyarsa ta Athletics ta lallasa Houston Astros da ci 15 da 3. Da gari ya waye aka duba tebur, sai ga ta tana nan inda aka bar ta, a can ƙasan rukuninta.

Wannan dare ya isa ya nuna halin da Athletics ke ciki yayin da take shirin shiga kakar 2026. Tana da samarin da za su iya tayar wa kowace ƙungiya hankali da gora. Abin da ba ta da shi shi ne isassun masu jifa da za su tsare mata makin da samarin suka ci, ga shi kuma filin da take zaman haya a cikinsa yana ƙara tona asirin wannan rauni. Ina ganin kakar bana za ta tsaya ne a kan wannan, kuma ba wasan bana kaɗai abin ya shafa ba, domin shekarun ƙuruciyar waɗannan yara ba za su jira a gama ginin sabon fili ba.

Ga wanda bai saba da wasan ba, ga abin da zai ishe shi bin zancen. Ana yin turmi tara ne, a kowane turmi kowace ƙungiya ta yi bugu sau ɗaya, ta yi tsaro sau ɗaya. Mai jifa yana wurgo ƙwallo, mai gora yana ƙoƙarin bugunta ya ruga zangon farko, daga nan na biyu, na uku, ya dawo gida, wanda shi ne maki ɗaya. Idan ƙwallo ta tsallake katanga, wato homron, mai bugun da duk wanda ke tsaye a zango sai su taho gida ba mai tare su. Ƙungiyoyi 30 ne a gasar MLB, wato babbar gasar besbol ta Amurka, kowacce tana wasa 162 daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, kusan kullum. Babu faɗuwa zuwa ƙaramin rukuni kamar yadda aka sani a ƙwallon ƙafa, kuma wannan yana da muhimmanci ƙwarai a labarin nan, domin mai ƙungiya yana iya sayar da duk gwanayensa ya sha kaye shekara da shekaru, kujerarsa a gasar tana nan ba abin da ya taɓa ta.

Yadda aka wayi gari ba gida

Athletics tsohuwar ƙungiya ce. An kafa ta a Filadelfiya a 1901, inda Connie Mack ya jagorance ta har shekara 50. Ta koma Kansas City a 1955, sannan Oakland a jihar Kalifoniya a 1968. Ta ɗauki kofin World Series, wato na zakaran gasar baki ɗaya, sau tara, huɗu daga ciki a Oakland: uku a jere daga 1972 zuwa 1974, sai na 1989. Ko a baya-bayan nan ba kanwar lasa ba ce, domin ta ci wasa 97 a 2018, ta maimaita 97 a 2019.

Daga ƙarshen kakar 2021 ne aka fara wargaza ta. Koci Bob Melvin ya tafi San Diego. A watannin da suka biyo baya aka yi musayar Matt Olson zuwa Atlanta, Matt Chapman zuwa Toronto, Chris Bassitt zuwa New York Mets, Sean Manaea zuwa San Diego, daga baya Frankie Montas da Sean Murphy su ma suka bi sahu. Sakamakon bai ɓuya ba. An doke ta sau 102 a 2022, sau 112 a 2023. Mai ƙungiyar, John Fisher, ɗan gidan da suka kafa kamfanin tufafi na Gap, ya ce tsohon filin Coliseum ya gaji kuma an kasa daidaitawa da birnin Oakland kan sabo. Magoya baya kuwa cewa suka yi da gangan aka kashe ƙungiyar don a kore su daga fili, a samu hujjar tafiya. A ranar 13 ga Yunin 2023 suka yi wata zanga-zanga da ba a saba gani ba: maimakon ƙaurace wa wasa, sai suka yi gangami suka zo su fiye da 27,000, sanye da koren riguna, suna kira ga Fisher da ya sayar da ƙungiyar ga wanda zai bar ta a garin. Kiran bai hana komai ba. A Nuwamban shekarar masu ƙungiyoyin gasar baki ɗaya suka amince da ƙaura zuwa Las Vegas, bayan jihar Nevada ta amince da sa har dala miliyan 380 na kuɗin jama'a a ginin fili.

Ranar 26 ga Satumban 2024 aka yi wasan ƙarshe a Oakland, mutum 46,889 suka shaida, Athletics ta doke Texas Rangers 3 da 2. Garin da ya riga ya rasa ƙungiyar ƙwallon kwando ta Warriors da ƙungiyar ƙwallon Amurka ta Raiders, ya rasa ta uku ke nan cikin 'yan shekaru. Duk wanda ya ga hotunan dattawa suna kuka suna ɗibar ƙasar filin a kwalba ya san ba ƙaramin abu aka yi wa mutanen nan ba, kuma ba na jin ya dace a yi hasashen kakar bana kamar wannan bai faru ba.

Filin Las Vegas, mai ɗaukar mutum wajen 33,000, ana gina shi ne a inda tsohon otal ɗin Tropicana yake. An aza harsashinsa a Yunin 2025, kuma sai 2028 ake sa ran buɗe shi. Kafin nan ƙungiyar ta sauka a West Sacramento, a filin Sutter Health Park, wanda na wata ƙungiyar ƙaramin rukuni ce mai suna River Cats, kuma bai wuce ɗaukar mutum 14,000 ba. Ta ma ajiye sunan gari gaba ɗaya, Athletics kawai ake ce mata. Kakar 2026 ita ce ta biyu cikin uku na wannan zaman baƙunta.

Mako uku da suka cinye shekara

A 2025 ta ci wasa 76, aka doke ta 86, ta zo ta huɗu cikin biyar a rukunin yamma na American League, ɗaya daga cikin ɓangarori biyu na gasar. Ci gaba ne a kan 69 na 2024, kuma nesa ba kusa ba da 50 na 2023. Sai dai jimillar tana ɓoye ainihin yadda kakar ta gudana.

A tsakiyar Mayu tana da nasara 22 da kaye 20, mutane har sun fara ɗaga gira. Daga nan sai ƙasa ta tsage. Cikin wasa 21 da suka biyo baya guda ɗaya tak ta ci: kaye 11 a jere, nasara ɗaya, sai wani kaye tara a jere. Zuwa 4 ga Yuni tana 23 da 40, kakar ta riga ta tafi. Da yawa cikin waɗannan wasanni ba wai an fi ƙarfinta ba ne tun farko. Za ta shiga turmi na shida ko na bakwai tana gaba, mai buɗe jifa ya gaji a sauke shi, masu karɓarsa su zubar da abin da aka tara. José Leclerc, wanda aka ɗauko a kan dala miliyan 10 don ya tsare irin waɗannan turame, kafaɗarsa ta samu matsala tun a Afrilu, bai sake dawowa ba.

Idan aka cire wannan mako uku, abin da ya rage shi ne nasara 75 da kaye 66. Bayan hutun tsakiyar kaka kuma 35 ta ci, aka doke ta 29. A kan waɗannan alƙaluma biyu masu kyakkyawan zato suka kafa hujjarsu, kuma hujja ce mai ƙarfi. Amma ina da ja a kai. Kowace ƙungiya za ta yi kyau idan aka share mata mafi munin makonninta, kuma abin da ya jawo wancan rushewa, wato ƙarancin hannayen da za a dogara da su, ba tsautsayi ba ne da ya zo ya wuce. Haka aka gina ƙungiyar. A kakar gaba ɗaya ta ci maki sama da 700, aka ci ta sama da 800. Ƙungiyar da ake ci fiye da yadda take ci ba ta zuwa neman kofi, kome kyawun Agustanta.

Samarin gora

Nan ne daɗin labarin yake, kuma ya cancanci a daɗe a kai.

Kurtz ya fito daga jami'ar Wake Forest, aka zaɓe shi na huɗu a zaɓen matasa na 2024. Bai cika shekara guda a ƙananan rukuni ba aka hauro da shi a ƙarshen Afrilun 2025. A wasa 117 kacal ya buga homron 36, kuma duk masu jefa ƙuri'a suka ba shi kambun gwarzon sababbin 'yan wasa na American League ba wanda ya saɓa. Dogo ne ƙaƙƙarfa, mai bugu da hagu, kuma abin da ya fi burge ni a wasansa shi ne yadda yake iya tura ƙwallo ta tsallake katangar ɓangaren da ba nasa ba, abin da ke nuna ƙarfi ne na gaske, kuma ba ya gaggawar kai gora ga jifan banza. Yana da rauni biyu da kowa ya gani. Kusan ɗaya cikin kowane zuwa uku ana korarsa da jifa ba tare da ya sa ƙwallo a fili ba, kuma masu jifa da hannun hagu sun wahalar da shi sosai. Duk lokacin hunturu masu nazarin bidiyo na sauran ƙungiyoyi 29 sun yi shi ne suna binciken inda za a soke shi. Shekara ta biyu ita ce ke bambanta gwani da mai sa'a, kuma ni ina cikin masu ganin gwani ne.

Wanda ya zo masa na biyu a waccan ƙuri'a abokin wasansa ne, Jacob Wilson, mai tsaron tsakanin zango na biyu da na uku. Mahaifinsa Jack Wilson ya yi shekaru yana tsaron wannan gurbi a Pittsburgh, don haka gado ne. Salonsa kishiyar na Kurtz ne. Ba shi da ƙarfin tsallake katanga sosai, amma da wuya gorarsa ta kuskure ƙwallo. Ya gama da .311, ma'ana a kowane bugu 1,000 sau 311 yake tsira, kuma a American League Aaron Judge na New York Yankees ne kaɗai ya wuce wannan lamba. Magoya baya ne suka zaɓe shi ya fara wasan taurari na tsakiyar kaka, duk da yana cikakkiyar shekararsa ta farko, kuma ya yi wannan duka ne tare da karayar da ya samu a hannu wadda ta zaunar da shi makonni.

Bayan su akwai Shea Langeliers, mai cafke jifa a bayan mai gora, wanda ya buga homron 31. Shi yana cikin waɗanda aka karɓo a musayar Olson, don haka aƙalla wani abu ya fito daga wancan gwanjo. Akwai Brent Rooker, wanda ƙungiyoyi uku suka gwada suka saki kafin ya samu gindin zama a nan, ya buga 30 kuma bai tsallake wasa ko ɗaya ba cikin 162. Akwai Tyler Soderstrom, wanda zuwan Kurtz ya tilasta masa barin zangon farko ya koma tsaron bayan fili ta hagu, gurbin da bai saba da shi ba, ya kuma iya har aka sa shi cikin 'yan takarar kambun tsaro, ga homron 25. Lawrence Butler ya ɗan ja baya a kan yadda ya haskaka a 2024, amma duk da haka ya haɗa homron sama da 20 da satar zango, wato rugawa zango na gaba ba tare da an bugi ƙwallo ba, sama da 20. Sai Denzel Clarke, ɗan Kanada mai tsaron tsakiyar bayan fili, wanda a watan Yuni a Anaheim ya taka katanga ya miƙa rabin jikinsa waje ya cafko ƙwallon da ta riga ta fita. Bugunsa bai kai tsaronsa ba, amma ga ƙungiyar da masu jifanta ke shan duka, mai irin wannan ƙafa a tsakiyar fili magani ne.

A Disamba aka ɗauko Jeff McNeil daga Mets don ya toshe zango na biyu, inda aka sha fama bara. Ya manyanta, amma shi ne ya fi kowa yawan tsira da bugu a National League, ɗaya ɓangaren gasar, a 2022, kuma cikin ɗakin da ya cika da yara ana buƙatar wanda ya ga jiya. Zango na uku ne har yanzu bai samu tsayayyen mai shi ba. Cikin masu nema akwai Max Muncy, wanda ba shi ne na Los Angeles Dodgers ba. Abin mamaki, su biyun suna ɗaya, ranar haihuwarsu ɗaya, 25 ga Agusta, kuma Athletics ce ta zaɓo kowannensu tun yana matashi.

Idan lafiya ta samu, wannan jeri ba ya jin tsoron kowa a rukuninsa.

Fili da hannu

Luis Severino shi ne madubin matsalar. Ɗan Jamhuriyar Dominika ne, ya yi suna a New York Yankees, kuma a Disamban 2024 aka ba shi dala miliyan 67 na shekara uku, kwantiragi mafi girma da ƙungiyar ta taɓa bayarwa zuwa lokacin. Ma'aunin mai jifa shi ne matsakaicin makin da ake cin sa a turmi tara. A filayen wasu, na Severino ya tsaya wajen 3, wanda lambar gwani ce. A gida kuwa ya kai 6. Mutum ɗaya, hannu ɗaya, kaka ɗaya.

Shi da kansa ya fito ya yi ƙorafi a bainar jama'a. Ɗakin 'yan wasa a Sutter Health Park yana can bayan katangar fili ne, ba a bayan benci ba kamar sauran filaye, don haka mai jifa ba ya iya shiga ya sha sanyi ya huta tsakanin turmi da turmi kamar yadda ya saba. Sacramento gari ne mai zafi, a Yuli da Agusta ma'auni yana haura digiri 38, kuma ƙwallo ta fi tafiya nesa a iska mai zafi. Filin ba shi da dogayen benaye da za su tare iska, sai ta kaɗa yadda ta ga dama. Bugun da a tsohon Coliseum, mai sanyin teku da faɗin gefe, zai faɗa hannun mai tsaro, a nan sai ya tsallake. Ga shi ƙungiyoyi biyu ke amfani da ciyawa ɗaya, kusan ba ranar hutu. Tun wasan farko a filin, ranar 31 ga Maris, alamar ta bayyana, inda Chicago Cubs ta ci su 18 da 3, a daren da duk 'yan Athletics suka sa lamba 24 don tunawa da Rickey Henderson, gwarzon Oakland da ya rasu a Disamban 2024.

Ƙarshenta Athletics ta ci wasa 36 a gida, ta ci 40 a waje. A wasan da aka san gida da albarka, wannan juyin waina ne. 'Yan kallo ma ba su kai 10,000 a matsakaici ba, kuma sau da yawa magoya bayan baƙi sun fi na masu gida amo.

Wani zai ce ai filin bai zaɓi kowa ba, baƙi ma a cikinsa suke jifa. Gaskiya ne, amma baƙo kwana uku yake yi ya tafi. Mai gida wasa 81 zai yi, kuma duk wasan da maki ya yi yawa yana cinye hannaye huɗu ko biyar, gajiyar kuma ta bi su har mako na gaba. Sannan akwai abin da ba ya fitowa a alƙaluma, wato kasuwa. Gwanin jifa da kwantiraginsa ya ƙare, mai zaɓi a hannu, me zai kai shi filin da zai ɓata masa lambobin da zai nemi kuɗi da su nan gaba? Sai dai a biya shi fiye da ƙima, kamar yadda da yawa suka ce an yi wa Severino.

Saboda haka dole ƙungiyar ta noma nata. Bayan Severino akwai Jeffrey Springs, mai hagu da aka karɓo daga Tampa Bay, wanda ya riƙe gurbinsa tsawon kaka ba tare da ya yi fice ba. Sauran yara ne. Luis Morales, ɗan Kyuba mai jifa kamar harsashi, ya nuna alheri a watanni biyun ƙarshe. Jacob Lopez ya yi wasu makonni a Agusta da kusan ba a iya taɓa shi, kafin hannu ya dame shi. A ƙananan rukuni ana jiran Gage Jump da Jamie Arnold, wanda aka zaɓa na 11 a 2025. Kowannensu yana iya zama wani abu. Amma cikin yaran babu wanda ya taɓa ɗaukar nauyin cikakkiyar kaka ta wata shida a babbar gasa, kuma hannun matashin mai jifa shi ne abu mafi saurin lalacewa a wannan wasa.

Sai batun Mason Miller. Shi ne mai rufe wasa, wanda jifansa ke wuce kilomita 160 a awa kamar wasa. Ranar 31 ga Yulin 2025 aka miƙa shi San Diego tare da JP Sears, aka karɓo matasa huɗu, babbansu Leo De Vries, ɗan Dominika mai shekara 18 a lokacin, wanda ake lissafawa cikin matasa mafiya daraja a duk wasan. A lissafin dogon zango ciniki ne mai kyau, ba na musu. Masu karɓar jifa da suka rage ma ba su durƙushe ba bayan tafiyarsa. Amma cinikin ya faɗi inda idon shugabanni yake. De Vries zai nuna ne daidai lokacin da za a buɗe ƙofofin Las Vegas.

Kuɗi da abin da ke bayansu

Dole a yi adalci, ƙungiyar da aka sani da riƙe hannu ta fara saki. Bayan Severino, an ba Rooker dala miliyan 60 na shekara biyar, Butler miliyan 65.5 na shekara bakwai, sannan a Disamban 2025 aka ba Soderstrom miliyan 86 na shekara bakwai, wanda ya zama sabon mafi girma a tarihinta. Ga magoya bayan da suka saba ganin an sayar da duk wanda suka fara so, wannan sabon abu ne.

Yana da kyau a san dalili. A MLB ƙungiyoyi masu arziki suna zuba wani kaso a asusun da ake raba wa masu ƙaramar kasuwa, kuma yarjejeniyar da ke tsakanin masu ƙungiyoyi da ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa ta tanadi cewa mai karɓa ya kashe kuɗin wajen gyara ƙungiyarsa, in ba haka ba a iya shigar da ƙara a kansa. Athletics ta koma karɓar cikakken kasonta a 2025, don haka wani ɓangare na wannan kyauta tilas ce. Ɗaya ɓangaren kuma talla ne, domin ana son a isa Las Vegas da fuskokin da za a manna a allunan titi. Duk biyun ba laifi ba ne. Abin da ya dame ni shi ne kusan duk dogayen kwantiragin na masu gora ne, alhali ciwon yana wajen jifa.

Ga kuma agogo yana tafiya. A tsarin gasar, ɗan wasa yana hannun ƙungiyarsa shekara shida kafin ya samu 'yancin zaɓar inda zai je, kuma a ukun farko albashinsa bai fi mafi ƙarancin da aka ƙayyade da yawa ba, wanda a 2026 dala 780,000 ne. Samun mai bugu irin Kurtz a kan wannan farashi garaɓasa ce da ba ta zuwa kullum, kuma hikima ita ce a zuba rarar a kan masu jifa tun yanzu. Yarjejeniyar ƙwadagon ma za ta ƙare ranar 1 ga Disamban 2026, ana kuma fargabar taƙaddama kan batun ƙayyade albashi wadda za ta iya taɓa kakar 2027. Wanda ya ce a bari sai baɗi, bai san irin baɗin da zai samu ba.

Lissafin bana

Rukunin yamma ba shi da dodo irin na da. Seattle Mariners ce ta lashe shi bara da nasara 90, karon farko tun 2001, a shekarar da Cal Raleigh ya buga homron 60, kuma ita ce ke da masu jifan da Athletics ke mafarki. Houston ta ci 87 ta rasa gurbi, gwanayenta suna tsufa. Texas ta tsaya 81 da 81. Los Angeles Angels ta zo ƙarshe. Ƙungiyoyi shida ke wucewa zagayen neman kofi daga American League, kuma bara mai gurbin ƙarshe 87 ta ci. Tazarar da ke gaban koci Mark Kotsay da shugaban sashen 'yan wasa David Forst ke nan: wasa 11.

Daga ina za su fito? Cikakkiyar kaka daga Kurtz da Wilson za ta iya kawo biyu ko uku. Clarke a tsakiyar fili da McNeil a zango na biyu, wataƙila biyu. Sauran dole daga jifa za su zo, kuma ba sai an zama gwanaye ba. Bara suna cikin ƙungiyoyi biyar da aka fi ci. In suka hau zuwa tsakiyar tebur kawai, gorar za ta ɗauki sauran nauyin. Wannan yana buƙatar Severino ya sasanta da filin, tun da yana da damar fita daga kwantiraginsa a ƙarshen bana kuma shi ma yana son kaka mai kyau, sannan biyu cikin yaran su tsaya da ƙafafunsu daga Afrilu har Satumba.

Hasashena shi ne za su ci tsakanin 81 da 84, su ga kaka ta farko da ba a fi cin su ba tun 2021, su shiga Satumba ana lissafi da su, amma gurbin ya kuɓuce musu da 'yan wasanni. Ina fatan in yi kuskure ta ɓangaren alheri, saboda yaran nan ba su suka rufe Coliseum ba, kuma sun yi wasa da zuciya a yanayin da bai dace da babbar gasa ba.

Akwai abubuwa biyu da zan sa wa ido. A watan Yuni za su yi wasa shida na gida a Las Vegas, a filin ƙungiyarsu ta ƙaramin rukuni, wanda ke kan tudu cikin busasshiyar iskar hamada inda ƙwallo ta fi tashi ma fiye da Sacramento. A shekarar da aka ɗinka musu sabuwar riga mai ɗauke da sunan Sacramento don lallashin masu masauki, za a ɗebe wasa shida a kai wa garin gobe, masu jifa kuma su ne za su biya. Na biyu shi ne lokacin rufe kasuwar musayar 'yan wasa a tsakiyar kaka. In aka kai nan suna da tazarar wasa uku ko huɗu da gurbi, Forst zai zaɓa: ko ya ba da ɗaya daga cikin matasan da ake tanadi don 2028 ya sayo hannun da zai taimaki Kurtz da Wilson a bana, ko ya sake sayar da wani kamar yadda ya yi da Miller.